Haske ta Bayan Rumfa: Farin Zanen Reverón da Idon Mutumin Daura

A shekarar 1926 wani mai zane ɗan ƙasar Benezuwela, Armando Reverón, ya zauna a ƙarƙashin rumfar da ya kafa a gefen garin Macuto, bakin tekun Karibiyan, ya zana abin da idonsa ke gani. Ya raɗa wa zanen suna da Sifaniyanci, Luz tras mi enramada, wato haske ta bayan rumfata. Wanda ya fara cin karo da shi yakan zaci aiki ne da aka soma aka watsar: ɗigo-ɗigon farin fenti ne a kan ƙyalle mai launin ƙasa, ƙyallen ma ba a rufe shi duka ba, kuma da ƙyar ake gane inda dirka take da inda rufi yake. Duk da haka masana tarihin zane suna lissafa shi cikin manyan ayyukan da Kudancin Amurka ta fitar a farkon ƙarni na 20. Akwai dalilin wannan daraja, kuma mutumin da ya tashi a Daura ko Zango ko Mai'aduwa ya fi mutumin Faris kusa da gane dalilin, ko da bai taɓa shiga gidan nuna zane-zane ba.

Da farko dai, man da ake nufi idan an ce fentin mai ba fetur ba ne. Mai ne da ake tatsa daga irin tsiron da ake saƙa lilin da shi, a kwaɓa shi da garin launi. Ba ya saurin bushewa, don haka mai zane yana da sararin ya shafa, ya gyara, ya ɗora wani launi bisa wani har hoton ya yi zurfi. Turawan Holan da Italiya suka raini wannan sana'a tun ƙarni na 15, daga baya kuma suka ware mata wani reshe wanda ba ruwansa da fuskar sarki ko labarin yaƙi, sai shimfiɗar ƙasa kurum: gona, kogi, dutse, sararin sama. Ƙa'idojin wannan reshe duk a ƙasashen arewa aka tsara su, inda rana ke ratsowa a karkace. A birnin Faris, ko a tsakiyar lokacin zafinsu, rana ba ta taɓa tsayawa a tsakar ka ba; iyakar hawanta kusan digiri 65 ne. Saboda haka inuwa a can tana da tsawo, launi yana fita sosai, kore ya zama kore, ja ya zama ja. Ɗalibin zane yakan koyi cewa haske ne ke fito da launi, kuma a ƙasarsu gaskiya aka koya masa.

Matsalar ta taso ne da aka ɗauko wannan ƙa'ida aka kai ta ƙasashen zafi. Bajamushen masanin nan Alexander von Humboldt ya sauka Benezuwela a 1799, ya yi shekara biyar yana zagaya nahiyar, ya koma Turai yana kwaɗaitar da masu zane su je su ɗauko siffar waɗannan ƙasashe. Suka kuwa amsa. Ferdinand Bellermann ya zauna Benezuwela daga 1842 zuwa 1845 da tallafin Sarkin Furushiya, bisa shawarar Humboldt. Ba'amurke Frederic Church ya je Ekwado sau biyu, sannan ya koma ɗakin aikinsa a New York ya haɗa wani ƙaton zane na tsaunukan Andes a 1859, mutane suka riƙa biyan santi 25 suna layi don su kalla. Zane-zane ne masu ban sha'awa, ba mai musu. Ana iya ƙirga ganyen kowace bishiya, ana iya faɗin sunan kowane tsiro. Sai dai hasken da ke cikinsu na baƙo ne, hasken mutumin da ya zo ya ƙididdige dukiyar wata ƙasa ya kai rahoto gida.

Ƙasar Hausa ma ta sami rabonta na irin wannan kallo, kuma daga tushe ɗaya. Heinrich Barth, wanda mutanen nan suka sani da Abdulkarim, ya yi karatu a Berlin a hannun Carl Ritter, abokin Humboldt. A watan Fabrairu na 1851 ya hau dutsen Dala ya zayyana birnin Kano a takarda. Hoton da ya fito a littafinsa na 1857, wanda har gobe ake bugawa a littattafan tarihi a matsayin tsohuwar Kano, ba hannun Barth ne ya ƙarasa shi ba. Wani mai zane na birnin Munich, Johann Martin Bernatz, shi ya ɗauki zayyanar ya gyara ya ba ta launi, alhali bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Barth mutum ne mai kiyaye gaskiya, kuma hoton taska ce ga mai neman sanin yadda birnin yake a lokacin. Amma Fabrairu a Kano wata ne na hazo da ƙura, kuma ba a sa ran wanda bai taɓa shaƙar su ba ya san yadda suke dusashe ganuwa da giginya a idon mai hange daga nesa.

A cikin irin wannan gado aka haifi Reverón a Karakas ranar 10 ga Mayu, 1889. Iyayensa ba su riƙe shi ba. A garin Valencia ya girma, a hannun wani iyali, inda zazzaɓin taifot ya kusa kai shi lahira yana yaro. Ya shiga makarantar koyon zane ta Karakas a 1908, shekarar da Janar Juan Vicente Gómez ya ƙwace mulkin da bai saki ba sai da mutuwa ta raba a 1935. Makarantar tana nan kan tsohon tafarki: a zauna cikin ɗaki a kwaikwayi gumakan Girka, a zana jaruman yaƙin neman 'yanci. A 1909 ɗalibai suka yi wa shugabanta, Antonio Herrera Toro, bore. Daga wannan bore ne aka kafa ƙungiyar Círculo de Bellas Artes a 1912, wadda matasanta suka kwashi kayan aikinsu suka fita fili, suka ce ƙasarsu za su zana da idonsu. Fitaccensu, Manuel Cabré, ya shafe rayuwarsa yana zana dutsen Ávila da ke tsaye bisa kan Karakas, da shuɗi da kore da ruwan hoda. Aikinsa yana da kyau ƙwarai, amma har yanzu da harshen Faransa yake magana, domin salon masu bin sauyin haske na Faris ya aro. Abin dariyar shi ne ɗaya daga iyayen wannan salo, Camille Pissarro, a Benezuwela ya fara kaifafa hannunsa, tsakanin 1852 da 1854, kafin ya tafi Faransa.

Shi Reverón ya sami tallafin karatu ya tafi Barcelona a 1911, daga nan Madrid, inda ya ƙura wa ayyukan Goya da Velázquez ido, ya leƙa Faris, ya dawo gida a 1915. Ya dawo da hannu mai kyau da launuka masu duhu. Wani mai zane ɗan Rasha da ya yi zango a Benezuwela, Nicolás Ferdinandov, ya ja shi zuwa shuɗi, ya kuma cusa masa ra'ayin cewa mai zane ya ƙaurace wa birni. A 1921 ya bi shawarar. Ya tattara ya koma bayan dutsen Ávila, ɓangaren teku, shi da abokiyar zamansa Juanita, suka kafa bukkoki da rumfuna na ganyen kwakwa da itace a gefen Macuto. Wurin ne daga baya ya kewaye da katangar dutse aka riƙa kiransa El Castillete, wato 'yar ƙaramar fada. A shekara ta gaba rijiyar Barroso ta yi ambaliyar ɗanyen mai a gaɓar tafkin Maracaibo, kafin ƙarshen shekarun 1920 kuma Benezuwela ta wuce kowace ƙasa fitar da fetur. Kowa na rububin shiga birni, shi kuwa ya juya masa baya.

A nan ne ya gano abin da malamansa na Turai ba su da hanyar sani. Macuto tana kusan layi ɗaya da Kaduna, digiri goma da 'yan kai arewa da tsakiyar duniya. Daura tana kan digiri 13. A duk wurin da ke cikin wannan ɗamara, sau biyu a shekara rana kan tsaya daidai tsakar ka. A Daura hakan na faruwa wajen ƙarshen Afrilu da kuma tsakiyar Agusta, lokacin da inuwar mutum ke shigewa ƙarƙashin tafin ƙafarsa. A irin wannan rana haske ba ya fito da launi, cinye shi yake yi. Idan ya yi yawa ido kan gaza rarrabewa, kore ya koma toka-toka, jan bango ya kwaɗe, gefen abubuwa ya narke. Reverón ya yi ta rage launukansa ɗaya bayan ɗaya. A zanensa na wani biki a garin Caraballeda, har yanzu ana ganin taron jama'a, amma kamar ana hango su ta cikin tururi. A zanen rumfar kuwa, kusan ba abin da ya saura sai fari.

Mutumin Daura da aka nuna wa wannan zane zai yi saurin cewa hazo ne. Kwatancen yana da daɗin ji, har ma yana da ɗan ƙamshin gaskiya, tun da ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wadda ke rufe Daura a watan Janairu, takan haye Tekun Atalantika ta sauka a Kudancin Amurka. Amma ba shi ba ne. Hazo yana rage wa rana ƙarfi har a iya kallonta kamar farin faranti. Farinsa mai sanyi ne, mai kwantar da ido. Farin Reverón mai zafi ne. Ɗan'uwansa na gaskiya shi ne tsakar ranar bazara, a ce ƙarfe ɗaya a watan Afrilu a kan hanyar Daura zuwa Kongolam, lokacin da gonaki suke fayau ba kara ba ciyawa, yashi yana mayar wa sama da haskenta, kawalwalniya tana rawa bisa kwalta, mai tafiya yana runtse ido yana kare goshi da hannu. A wannan sa'a ko gawo, wanda ke riƙe da ganyensa a rani, ba a ganin korensa sai an zo gindinsa.

Rumfar kuwa ba ta bukatar tafinta. Duk wanda ya taɓa fakewa a rumfar kara a kasuwar ƙauye, ko ya kishingiɗa a bayan zana da rana tsaka, ya san yadda haske ke kutsowa ta kafofin saƙa ya zuba a ƙasa da jikin mutane ɗigo-ɗigo. Ya kuma san cewa idan ya ɗaga kai ya dubi rufin, ba karan yake gani ba, hasken da ke tsakanin karan ne ke cika masa ido. Wannan shi ne abin da Reverón ya zana, kuma a nan dabararsa take. A al'adar zane, farin ƙyalle shi ne wofi, fenti kuma shi ne abu: a shafa launi a ce ga bishiya, ga gida. Shi sai ya kifar da lissafin. Ƙyallen da ya bari tsirara, mai launin ƙasa, shi ke tsayawa a madadin itace da ganye da inuwa, fentin kuma ya zama hasken da ke ratsa su. Abin da ake iya taɓawa da hannu bai ɓata fenti a kansa ba. Daga baya har ya riƙa zane a kan algarara, irin wadda ake ɗinka buhu da ita, domin kaushin saƙarta da launinta suna yi masa rabin aikin.

Idon Bahaushe ya riga ya sami horo kan irin wannan karatu ta wata hanya dabam. Babbar riga fara da aka yi wa aiki da farin zare, ko da zaren tsamiya mai launinsa na asali, ba ta ihu daga nesa. Sai mai ita ya motsa, haske ya faɗi a karkace, sannan aska takwas ta bayyana. Wanda ya iya tsayawa ya bambance aikin hannu da na keke a farar shadda ya riga ya mallaki haƙurin da zanen Reverón ke nema. A tsaya nesa da shi kaɗan, a bar ido ya huce kamar yadda yake hucewa idan an shigo zaure daga rana, a daina neman abin da aka zana, sai siffar rumfar ta fara tasowa da kanta. Shi ya sa hotonsa a fuskar waya yake cutarsa. Waya tana fitar da haske daidai wa daida daga kowane ɓangare, ta shafe bambancin da ke tsakanin kaurin fenti da ramin saƙa, sai a ga kamar tsumma mai dauɗa.

An daɗe ana neman a bayyana wannan fari da hauka. Mutumin dai ya ba da ƙofa. Yakan tuɓe riga idan zai yi zane, ya ɗaure ƙugunsa tamau da igiya, ya toshe kunnuwansa, ya yi amfani da buroshin da ya haɗa da kansa da itace da tsumma. Yana da biri mai suna Pancho. A shekarunsa na baya ya ɗinka 'yan tsana masu girman mutum yana zana su. Masu hali na Karakas da ke zuwa shan iska Macuto sukan biya ta gidansa su kalli mahaukaci, su sayi zane da araha. Ciwon ƙwaƙwalwa kuma gaskiya ne ya same shi, har aka kwantar da shi a asibitin San Jorge a 1945, aka sake a 1953. Amma wannan bayani na malalata ne. Alfredo Boulton, wanda ya san shi ya kuma rubuta tarihinsa, ya kasa aikinsa zango uku, na shuɗi da na fari da na ruwan ƙasa, kuma wanda ya jera zane-zanen bisa shekarunsu zai ga mutum ne mai bin tambaya guda, yana cire abu ɗaya ya duba, ya sake cire wani, shekara da shekaru. Ciwo ba ya aiki da tsari irin wannan. Lokutan da ciwon ya tsananta ma su ne lokutan da aikin ke tsayawa.

A shekarar da Reverón ya tafi Barcelona, 1911, Sarki Abdurrahman ɗan Malam Musa ya hau gadon sarautar Daura, bayan Turawa sun dawo da gidan Haɓe daga Zango a zamanin mahaifinsa. Ya yi mulki har 1966, wato duk rayuwar Reverón ta zane ta shige cikin zamanin sarki ɗaya. A waɗannan shekaru an auna ƙasar Daura ƙwarai da gaske. Tawagar shata iyaka ta Ingila da Faransa, ƙarƙashin Manjo O'Shee da Kyaftin Jean Tilho, ta bi daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi tsakanin 1906 da 1908 tana kafa alamomi, ta ja layin da ya raba Daura da Damagaram. Jami'an mulkin mallaka sun rubuta rahotannin gonaki da rijiyoyi da dabbobi saboda haraji. Taswira ta samu, ƙididdiga ta samu. Siffar ƙasar kuwa, yadda take a ido da ƙarfe ɗaya na rana, ba ta cikin abin da aka aiko su nema.

Ba kuma don Hausawa sun rasa gwanintar ido ba. Gwanintar ta tafi wasu wurare ne: zayyanar allo, zanen bangon soro, ɗinkin riga, aikin dukanci, sassaƙar ƙwarya. Duk waɗannan da siffofi na lissafi suke magana, ba sa kwaikwayon abin da ido ya hango. Ƙasa kuma an bar wa baki, aka adana ta a kirari da waƙa da sunayen wurare. Akwai kuma taka-tsantsan na addini game da surar abu mai rai, wanda ya sa mutane da yawa suka haɗa zane gaba ɗaya suka ajiye gefe. Amma a nan akwai abin lura: ruwayar da ta zo a Buhari da Muslim ta nuna Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Ke nan cikin dukkan rassan zane, na shimfiɗar ƙasa shi ne mafi ƙarancin saɓani a wurin malamai, kuma shi ne aka fi bari kara zube.

Da aka mayar da sashen koyar da zane na kwalejin kimiyya da fasaha daga Ibadan zuwa Zariya a 1955, ba a jima ba aka maimaita abin da ya faru a Karakas. A 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu, suka ƙi yarda a koya musu gani da idon Landan kaɗai. Mafi yawansu daga kudu suka zo, kuma gadon garuruwansu suka koma suka tono, abin da ya dace da su. Tambayar hasken arewa ta saura tana jiran mai ita. Yau idan aka nemi hoton Daura, abin da ke fitowa shi ne ƙofar fada, ginin rijiyar Kusugu, da dawakin Sallar Gani cikin ja da kore da ruwan ɗorawa, sau da yawa an ƙara musu launi da manhajar waya har sun fi na gaskiya. A falon ma'aikaci kuwa, a Katsina ko Abuja, hoton da ke rataye ya fi yiwuwa ya kasance na wani tsauni mai ƙanƙara da koren kwari, wurin da maigidan bai taɓa zuwa ba. Ba laifi ba ne mutum ya so ganin ruwa da kore, musamman wanda ya sha rani. Sai dai yaron da ya tashi a wannan falo yana koyon cewa kyakkyawar ƙasa ita ce wadda ba ta yi kama da tasu ba, kuma shi ne gobe zai zama injiniyan da zai yanke shawara a kan ko a bar kukar bakin hanya ko a tumɓuke ta.

Benezuwela ta yi jinkirin gane nata. Sai a 1953, yana kwance a asibiti ko dab da haka, aka ba Reverón lambar yabo ta ƙasa a fannin zane, shekara guda bayan Margot Benacerraf ta ɗauki gajeren fim a kansa a cikin gidan nasa. Ya rasu a San Jorge ranar 18 ga Satumba, 1954. Daga baya aka mayar da ranar haihuwarsa ranar masu zane ta ƙasa, aka kuma mayar da El Castillete gidan tarihi. A tsakiyar Disamba na 1999 aka yi kwanaki ana tafka ruwa bisa dutsen Ávila, laka da manyan duwatsu suka gangaro kan garuruwan gaɓar teku, dubban mutane suka halaka, gidan Reverón ma ya tafi. Zanen rumfar ba ya wurin. A 2007 gidan nuna zane-zanen zamani na New York, MoMA, ya tara ayyukansa daga hannun masu su ya baje kolinsu daga Fabrairu zuwa Afrilu, kuma Luz tras mi enramada yana cikinsu, shekara 81 bayan an zana shi.